7752 ko 4350: Nazarin Kuskuren Wata Ɗalibar Tarminal a Maraɗi

Tambayar gajeriya ce. Aji ne mai maza 12 da mata 8, za a fitar da mutum huɗu su wakilci ajin a wani taro, da sharaɗin aƙalla mace ɗaya ta shiga. Tawaga iri nawa za a iya fitarwa? An yi ta ne a jarrabawar gwaji, wadda ɗalibai ke ce wa bak bulan, ga 'yan tarminal D, wato ajin ƙarshe na sakandare a ɓangaren kimiyya, na wani lise a nan cikin Maraɗi. Wata ɗaliba daga cikin waɗanda nake yi wa bitar lissafi da dare ta rubuta 7752. Amsar gaskiya 4350 ce. Mai gyaran takarda ya ja mata jan layi, ya sa sifiri a gefe, bai ƙara ko harafi ba.

Abin da ya tsayar da ni a kan takardar nan shi ne babu kuskuren ninkawa ko na rabawa a cikinta ko ɗaya. Yarinyar tana cikin na gaba-gaba a ajinsu, ƙa'idar kwambinezon, wato ƙirga hanyoyin zaɓi ba tare da kula da jeri ba, kuma ta zauna mata daram. Su biyar ne a rukuninsu, mata biyu maza uku, suna haɗuwa bayan sallar isha'i a ƙofar wani gida a unguwar Zariya, inda suka jingina allon katako da bango, ga fitilar sola a rataye. Da na bi takardun sauran, sai na ga biyu sun sami 7752 ɗin su ma, ɗaya ya sami 4350, ɗaya kuma bai taɓa tambayar ba. Mutum uku sun faɗa rami ɗaya, kuma babu wanda ya leƙa takardar wani. Idan haka ta faru, ba sakaci ba ne. Akwai wani tunani da ke kai su can, kuma sai an tono shi kafin a yi maganar gyara.

Wannan babi, da yara ke kira danombirman, wato ƙirga hanyoyi, shi ne ƙofar shiga babin purobabilite, wato lissafin yiwuwa, kuma a takardar BAC, jarrabawar ƙarshen lise, tambayar takan zo da rassa a jere, na biyu yana hawa kan na farko. Wanda ya ɓata ƙirgar farko zai ja ɓarnar har ƙasan shafi. Shi ya sa ban yarda a wuce wurin da cewa "maki biyu ne kawai" ba.

Ga wanda ya daɗe da barin aji, ga yadda ƙa'idar take. Idan za a jera mutum huɗu daga cikin ashirin, na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, kujerar farko tana da mutum 20 da za su iya hawanta, ta biyu 19, ta uku 18, ta huɗu 17. A ninka su, a sami 116280. Amma tawaga ba jeri ba ce. Mutum huɗun nan, ko wa aka fara kira, su ɗin ne dai, kuma ana iya jera su ta hanya 24, wato 4 × 3 × 2 × 1. Ashe kowace tawaga ta fito sau 24 a cikin waccan ƙirga. Sai a raba 116280 gida 24, a sami 4845. Wannan shi ne abin da ake rubutawa C(20,4). Rabawar nan ita ce zuciyar babin gaba ɗaya: aikinta ta share maimaici.

Na ce wa yarinyar ta hau allo ta faɗa mana yadda ta yi, da bakinta, ba tare da duba takarda ba.

"Malam, an ce aƙalla mace ɗaya. To, na fara ɗaukar mace ɗaya na ajiye gefe don in tabbata sharaɗi ya cika. Mata takwas ne, hanya takwas ke nan. Saura mutum 19, kuma yanzu kowa na iya shiga, mace ko namiji. Na zaɓi uku a cikinsu, C(19,3), ya ba ni 969. Na ninka da takwas."

Duk wanda ya saurari wannan bayani zai ji ya kwanta masa, kuma haɗarinsa ke nan. Kowace tawagar da hanyarta ta fitar tana da mace a ciki, babu wadda ta karya sharaɗi. Kowace tawaga mai mace kuma hanyar tana iya fitar da ita, babu wadda aka bari a baya. Abu biyu cikin ukun da ake nema daga ƙirga ta gari sun cika. Na ukun ne ya ɓace, wato kowace tawaga ta fito sau ɗaya tak.

Ban ce mata ta yi kuskure ba. Na ce ta manta da sharaɗin, ta gaya mini tawaga nawa za a iya fitarwa idan kowa na iya shiga. Nan da nan ta rubuta 4845. Na ce ta rubuta tata amsar a ƙarƙashi. Ta rubuta 7752, ta ja da baya, ta daɗe tana kallon allon da allin a hannunta. Sharaɗi ragewa yake yi, ba ya ƙarawa, to ta yaya tawagogi masu mace za su fi dukkan tawagogi yawa? Wannan dubawa ba ta cin rabin minti a zauren jarrabawa, kuma da ta yi ta, da ta san akwai matsala tun kafin ta miƙa takarda.

Yaron da ya ci tambayar ya ɗaga murya daga kan benci: "Malam, ai da sauƙi. In an ga *au moins*, wato aƙalla, sai a bi ta kishiya. A cire tawagogin da babu mace." Gaskiyarsa. Tawagar maza zalla ita ce huɗu daga cikin 12, C(12,4), wato 495. A ɗebe 495 daga 4845, saura 4350. Na tambaye shi, to ina laifin hanyar 'yar'uwarka? Ya ce shi dai haka aka koya masa. Ita kuma yanzu ta san amsarta ba daidai ba ce, ta ga wata hanyar da ke kai wa daidai, amma ba ta ga inda tata ta karye ba. Da an tashi a nan, da ta haddace sabuwar dabara, tsohon tunanin kuma yana nan kwance, yana jiran tambayar da dabarar ba za ta yi wa amfani ba.

Sai muka ƙanƙanta tambayar har ta dawo daidai da mutanen da ke wurin. Na ce su biyar ɗin su miƙe. Za a aiki mutum biyu su sayo alli a shagon bakin titi, aƙalla mace ɗaya a ciki. Muka sa wa matan A da B, mazan K da L da M. Na ce ta bi hanyarta sak, amma wannan karon ta rubuta kowace tawaga da sunanta. Ta ajiye A gefe, ta haɗa ta da sauran huɗu: AB, AK, AL, AM. Ta ajiye B gefe, ta haɗa ta da sauran huɗu: BA, BK, BL, BM. Layi takwas, daidai da 2 × 4. Na ce waɗanda ke layin farko su fito. Ita da ƙawarta suka tako gaba. Suka koma. Na ce waɗanda ke layi na biyar su fito. Suka sake takowa, su biyun dai. Ƙawar ta yi dariya, ita kuwa ta dafe baki ta ce, "Kai! Ashe tiya ɗaya na auna, na ƙirga ta biyu."

Tawagogin bakwai ne. Kuma a lura da wani abu a nan: dukkan tawagogin mutum biyu daga cikin biyar goma ne, takwas kuma ba ta kai goma ba. Ke nan dubawar da ta tona asirin 7752 ba za ta kama wannan ba. Tana kama kuskure ne kawai idan ya yi ƙiba har ya wuce rufi. Abin da ke kama shi kullum shi ne a rage lambobin, a jera abubuwan da hannu, a duba ko wani ya fito sau biyu.

Daga nan ita ta ja ragamar. Ta koma babbar tambayar ta kasa tawagogin gwargwadon yawan matan da ke ciki, yadda babu tawagar da za ta shiga kaso biyu. Mace ɗaya da maza uku: 8 × 220, ya ba da 1760. Mata biyu da maza biyu: 28 × 66, ya ba da 1848. Mata uku da namiji ɗaya: 56 × 12, ya ba da 672. Mata huɗu zalla: 70. Ta tara, 4350 ta fito, daidai da abin da hanyar kishiya ta bayar. Hanya biyu da ba su haɗa komai ba sun sauka wuri guda.

Na roƙe ta abu ɗaya kafin ta goge allon. A tsohuwar hanyarta, tawaga mai mata biyu sau nawa take fitowa? Ta ce sau biyu, domin kowace daga cikinsu na iya zama wadda aka ajiye gefe. Mai mata uku, sau uku. Mai huɗu, sau huɗu. Na ce to ninka kowane kaso da yawan fitowarsa. Ta rubuta 1760, sai 3696, sai 2016, sai 280. Ɗaya daga cikin mazan yana tarawa a wayarsa, kafin ta gama ya ce, "Malam, 7752!" Babu ragi, babu ƙari.

Wannan wuri ne na fi so malamai 'yan'uwana su duba. Lambar da ta rubuta a jarrabawa ba shirme ba ce, amsa ce ta wata tambaya dabam. Da an ce a fitar da tawagar mutum huɗu wadda mace ce jagorarta, to 8 × 969 ita ce amsa, domin a can akwai bambanci tsakanin A tana jagora B tana biye, da B tana jagora A tana biye. Da ta ajiye mace ɗaya gefe, ta naɗa mata muƙamin da tambayar ba ta ba kowa ba. Jeri ya shigo ta bayan gida alhali a takarda harafin C ne kawai ake gani. Sifirin da aka sa mata bai gaya mata ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma layi guda da jan biro, "kin ƙirga wasu sau biyu", da ya isa ya sa ta kan hanya. Na san yawan takardun da ke gaban mai gyara, amma layin nan ya cancanci lokacinsa.

Da na buɗe kayensu, na ga daga inda abin ya taso. Dukkansu suna da wani ɗan jadawali a shafin farko na babin. In an ce *simultanément*, wato a ɗebo a lokaci guda, sai C. In an ce *successivement sans remise*, ɗaya bayan ɗaya ba mayarwa, sai A, alamar ƙirga jeri. In da mayarwa, sai n, yawan abubuwan, a ninka da kansa sau p, yawan ɗiba. Jadawalin ba ƙarya yake faɗa ba, kuma yana ceton ɗalibi a tambayoyi da yawa. Illarsa ita ce yana koya wa yaro farautar kalma a cikin tambaya maimakon ya tambayi kansa: abu biyun nan da na ƙirga, ɗaya ne ko dabam suke? Ɗalibin da ya saba da farautar kalma, da zarar ya ga ya sa C inda aka ce a sa C, hankalinsa ya kwanta, ba ya ƙara waiwaye.

Don in gwada wannan zato, na ba su tambayar da babu kalmar farauta a cikinta. Kowa a garin nan ya san kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, filin kokowarmu ma sunansa yake ɗauke da shi. Jihohi takwas ne: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tillaberi, Damagaram da Yamai. Idan kowace jiha za ta kara da kowace sau ɗaya, karawa nawa ke nan? Waɗanda suka fi ƙwarewa a jadawali suka tsaya neman ko C ce ko A. Yaron da bai taɓa tambayar bak bulan ba, wanda ba ya cika magana, shi ya amsa: "Ashirin da takwas. Kowace jiha tana da abokan karawa bakwai, takwas sau bakwai 56. Amma Maraɗi da Tawa ai ita ce Tawa da Maraɗi, sai a raba biyu." Bai ambaci ƙa'ida ba, amma ya faɗi dalilin rabawar, wanda masu haddar ba su iya faɗa ba. Na ce, in ƙwallon ƙafa ce ta gida da waje fa? Ya ce sai a bar ta 56, tunda wasan da aka yi a Maraɗi dabam yake da wanda aka yi a Tawa. Yaron yana da ainihin abin da ake nema. Tsoron alamomi da Faransancin tambaya ne suka hana shi taɓa takarda.

Na ɗan ba su tarihi a daren, domin yara da yawa suna ɗauka wannan ilimi daga Turai ya faro. A ƙarni na 8, Khalil bin Ahmad na Basra, da ya tashi tattara kalmomin Larabci, ya bi ta hanyar ɗaukar baƙaƙe yana jujjuya su. Baƙaƙen 28 ne. A zaɓi uku mabambanta, C(28,3), a sami 3276. Kowane ukun ana jujjuya su hanya shida, jimla 19656. Ga zaɓi, ga jeri, an raba su sarai. Ahmad bin Mun'im, wanda ya rasu a Marrakesh a 1228, ya yi aiki da misalin zaren alharini launi goma, yana ƙirga irin tuntayen da za a iya haɗawa da launi biyu, da uku, har zuwa goma, ya jera sakamakon a jadawali mai siffar dala. Shi ne jadawalin da littattafanmu ke jingina wa Pascal na Faransa, wanda ya rubuta nasa a 1654. Amfaninsa ga mai shirin BAC a fili yake. Layi na takwas shi ne 1, 8, 28, 56, 70, 56, 28, 8, 1, kuma 8 da 28 da 56 da 70 su ne lambobin da yarinyar ta yi aiki da su a kasonta huɗu. Kowace lamba a jadawalin jimlar biyun da ke samanta ce, dalili kuwa shi ne irin kasawar da ta yi: a ɗauki mutum ɗaya, ko dai yana cikin tawaga ko ba ya ciki, babu ta uku, kuma kaso biyun ba sa haɗuwa.

Bayan an kwana biyu na kawo musu gwaji irin na BAC, kowa da takardarsa. Buhu ne da ƙwallaye 12, ja 5, kore 4, fari 3, a ɗebo uku a lokaci guda. Dukkan ɗiba 220 ne, kowa ya samu. Launi ɗaya zalla, 10 da 4 da 1, wato 15, kowa ya samu. Aƙalla ja ɗaya, 220 a ɗebe 35, saura 185, nan ma babu wanda ya faɗi. Tarkon yana reshe na huɗu: aƙalla ja biyu. A nan haddar "cire waɗanda babu" ba ta isa ba, domin kishiyar ta ƙunshi babu ja da kuma ja ɗaya. Tsohuwar hanya kuma tana kira: a ajiye ja biyu gefe, hanya 10, a ɗauki ɗaya daga sauran goma, a sami 100. Lamba mai kyan gani, kuma ba ta kai 220 ba, don haka rufi ba zai tona ta ba.

Yarinyar ta rubuta 80: ja biyu da wani launi, 10 × 7, wato 70, sai ja uku, 10. A gefen takardarta ta ƙara da cewa hanyar ajiyewa za ta ba da 100 saboda tana ƙirga ja uku sau uku, 70 da 30. Ƙawarta da mai son kokowa su ma 80 suka samu, ɗayan yaron ya fara da 100 ya soke ya gyara. Wanda ya tsaya a kan 100 shi ne yaron da ya ci tambayar bak bulan. Ban yi mamaki ba. Ranar da aka miƙe tsaye ana jera AB da BA, shi yana ganin ba da shi ake ba, tunda ya riga ya ci.

Akwai kuma kishiyar wannan ciwo, wadda ta fito a reshen ƙarshe, inda aka ce a ciro ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya ba mayarwa, a nemi ja ɗaya tak. Dukkan jeri 12 × 11 × 10 ne, 1320. Mutum uku suka rubuta 5 × 7 × 6, wato 210, sun manta jan na iya fitowa a farko, ko a tsakiya, ko a ƙarshe. Amsar 630 ce. Hanyar dubawa tana kusa: a ɗiba ta lokaci guda, ja ɗaya tak 5 × 21 ne, 105, kowace ɗiba kuma tana da jeri shida, 105 × 6 ya ba da 630. Yiwuwar ma ɗaya ce ta kowace fuska, 105 bisa 220 da 630 bisa 1320 duk 21 bisa 44 ne. Yarinyar tana cikin ukun da suka rubuta 210. Ta warke daga ƙirga abu sau biyu, barin wani a baya kuma aiki ne da ke gabanmu.

Shi kuwa mai 100, ban ba shi amsar ba. Na ce ya rage buhun ya koma ja uku da kore ɗaya, ya sa wa jajayen lamba 1, 2, 3, ya ɗebo uku da sharaɗin aƙalla ja biyu. Hanyarsa za ta ce 3 × 2, shida. Buhun kuwa ƙwallaye huɗu ne kacal, ɗiba huɗu kawai ake iya yi a cikinsa. Aikinsa shi ne ya rubuto shidan nan layi-layi, ya zo ya nuna wa sauran waɗanne ne suka maimaitu, a kan allo, da bakinsa.